Kaset ɗin da Ya Ƙi Magana

A shekarar korona, lokacin da aka kulle Doha, na zama direban da ba shi da inda za shi. Motoci uku ne a gidan da nake aiki a Mesaimeer. Kullum da safe sai in wanke su, in tayar da su su ɗan yi ɗumi, in kashe, in koma ɗakina na bakin get in zauna ina kallon bango. Yara ba makaranta, uwargida ba kasuwa, ko Juma'ar da nakan je Mansura in ci tuwo wurin 'yan uwa Hausawa an hana. Na huta har na fara jin haushin motocin.

Maigidana, wanda shi ne kafil ɗina, wato mai riƙe da takardun zamana a ƙasar, injiniya ne da ya haura hamsin. Mutumin kirki ne, aibinsa guda: son bayani. In ka tambaye shi hanyar asibiti, sai ya faro maka tun daga lokacin da wurin yake rairayi. Kulle ya fi takura masa a kaina, don ni ko ba komai na saba da shiru. Da ya rasa wanda zai yi wa bayani sai ya huce a kan sito, ya ce sai an fitar da duk abin da ke ciki.

Wata safiya ya ƙwala mini kira da ya akhi, wato ɗan'uwana, yadda ya saba. "Yalla, ya akhi, zo ka kama mini wannan."

Kwali ne da ya sha ƙura. Da muka buɗe sai ga wani abu mai faɗi da madannai, kamar tafireta da aka danne ta baje. Ya ɗauke shi da hannu biyu, ya goge da gefen mayafin kansa.

"Ka san mene ne?"

Na ce tafireta ce da ta rasa wurin sa takarda.

"Kwamfuta ce. Ita ce ta farko da ta shigo gidan mahaifina."

Na yi dariya a cikin takunkumi. Kwamfuta ba fuska? Ya ce a jikin talabijin ake jona ta. Kwana biyu muka yi muna tonon sito kafin mu sami tsohuwar talabijin mai ƙusumbi da za ta karɓi wayarta. Da ya kunna, fuskar ta yi shuɗi, rubutun Larabci fari ya fito, sai na ga maigida, dattijo da furfura, yana tafi shi kaɗai.

Daga ranar na sami aikin yi. Bayan la'asar mukan zauna a majalisinsa, shi a wancan gefe ni a wannan, ko wanne da takunkuminsa, yana ba ni tarihin abar da Larabci rabi Turanci rabi. Ga abin da na tsinta in aka cire maimaici. Kafin ita, kwamfuta Turanci kawai take ji, daga hagu take farawa, kuma a manyan ofisoshi take zaune. Sai wani kamfani a Kuwait ya ƙudura cewa sai ta ji Larabci, kuma sai ta shiga ɗakin yara. Ba su ne suka ƙera jikin ba, Japanawa ne. Su harshe suka sa mata.

Na ce to ai wannan ba wani aiki ba ne, fenti ne a kan madannai.

Ya kalle ni kamar na zagi kakansa. Ya ce in matso in gani. Ya danna harafin ba, ta fito ita kaɗai da cikinta a buɗe. Ya danna wani harafin, nan take ba ɗin ta tsuke ta miƙa hannu ta kama na gabanta. Ya ce kowane harafin Larabci yana da kamar da yake ɗauka a farkon kalma, da ta tsakiya, da ta ƙarshe, kuma na'urar ce za ta gane wacce ta dace tun kafin ka ɗaga yatsa, alhali ƙwaƙwalwarta gaba ɗaya ba za ta iya ɗaukar hoto guda na cikin wayata ba. Gaskiya abin ya ɗaure mini kai. Wannan haɗa baƙi da ta yi cikin ƙiftawar ido, ni a kansa na fi shan bulala a makarantar allo. Na sa shi ya maimaita ya fi sau goma, ina leƙen bayan na'urar ko zan ga inda dabarar take.

Ya fito da wasu 'yan akwatuna kamar sabulun wanka da ake cusa mata ta sama. Wannan na Alƙur'ani ne, wannan na taswirar ƙasashe, wannan wasa ne da ya hana shi cin jarrabawa wata shekara. Na tambaye shi ina kamfanin ya shiga, tunda ban taɓa jin labarinsa ba. Ya ce yaƙi ne. Da sojojin Iraƙi suka shiga Kuwait kamfanin ya kwashe ya koma Masar, daga baya ya bar harkar na'ura ya koma rubuta manhajoji, su kuma manyan kwamfutoci suka yi araha suka cinye kasuwar. Ya faɗi wannan da irin muryar da ake ba da labarin abokin da ya yi ƙaura bai yi sallama ba.

Wata rana na yi tambayar da ta jawo duk abin da ya biyo baya. Na ce, in mutum ya yi rubutu a cikinta, ina yake zama in an kashe wuta?

"Ahaa," in ji shi, ya miƙe da murna don na ba shi sabon babi. Ya dawo da wata ƙaramar rikoda da kaset irin na waƙa. Ya ce a nan ake adanawa, na'urar tana mayar da rubutu ya zama ƙara, rikoda ta ɗauka. Na ce ban yarda ba. Ya ce in saurara, ya zare wayar da ta haɗa su, ya danna.

Da farko wani siririn fito ne mai tsawo. Sai ya ɓarke da ƙara mai kaushi, kamar ana jan kwano a kan siminti. Maigida yana dariya yana toshe kunne. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin na san wannan ƙarar. Na taɓa jin ta sau ɗaya, ina aji biyu a firamare, a tsakar gidanmu a Malumfashi.

Mahaifinmu ya tafi aikin hajji ina ƙarami, bai dawo ba, ya zauna a Jidda yana gadi a wani kantin kayan lantarki. Duk shekara in alhazan garinmu suka dawo sukan zo mana da ƙunshi, a ciki kuma da kaset na muryarsa. Inna, mahaifiyarmu, takan shimfiɗa tabarma a ajiye rikoda a tsakiya. Ya gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, har akuyar gidan sai ya tambaya ko ta haihu. Sai wata shekara ƙunshi ya zo da atamfa ba kaset. Alhazai suka ce ko ganinsa ba su yi ba, wani ne ya ajiye a masaukinsu. Nan magana ta tashi a unguwa, wai ya sha ruwan Jidda, wai ya fi ƙarfin gaishe da mutanen ƙauye. Shekarar da ta biyo baya jakarsa aka kawo. Ya rasu, an binne shi can. Wanda ya kawo jakar bai ma san shi ba, a masallaci aka danƙa masa. Riguna biyu ne a ciki, da agogo, da carbi, da kaset guda mai sunan Inna a jiki da rubutun hannunsa.

Bayan an share makoki aka shimfiɗa tabarma, gida ya cika, kowa ya zo jin maganarsa ta ƙarshe. Aka danna, sai wannan fiton da wannan ƙarar. Aka juya ɗaya gefen, shiru. Kawunmu ya ce zafin jirgi ne ya narkar da shi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ja da baya tana a'uziyya, ta ce a kai shi bayan gari a ƙona. Inna ta miƙe. Ta kashe rikodar, ta cire kaset ɗin, ta shiga ɗaki da shi.

Ba ta taɓa zaginsa a gabanmu ba. Amma in aka ambace shi takan ce, "Allah ya jiƙan musulmi." Haka a jimlace, ba ta ware shi. Mahaifinta in aka ambata sai ta yi masa addu'a mai tsawo, ko maƙwabci ya rasu takan kama shi shi kaɗai ta roƙa masa gafara, amma mijinta sai dai ya shiga cikin taro. A wurinta mutumin ya yi mata shiru shekara guda yana da rai, sannan da ya tashi barin kalma ya bar mata ƙarar kwano. Wannan abu ya fi shekara talatin yana ci mini rai, kuma ni kaina ban san ko ya manta da mu ba ne ko a'a.

Na ba maigida labarin. Karo na farko tun da na san shi ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Can ya ce, "A kantin kayan lantarki? A Jidda? Wallahi a lokacin ko ina ana sayar da irin wannan na'urar." Sai kuma ya ɗaga mini yatsa. Ya ce kada in yi saurin murna. Mai yiwuwa wasan yara ne wani ya ɗauka a kai, mai yiwuwa kuma zaren kaset ɗin ya riga ya mutu.

Ban ji gargaɗinsa ba. Washegari na kira ƙanwata, wadda Inna ke zaune a gidanta, na ce ta miƙa mata wayar. Ni ne ɗan fari, don haka tsakanina da Inna akwai kunya. Ba ta kama sunana, ba ta kallon idona, hirarmu ba ta wuce gaisuwa da "a dai riƙe salla." Ranar na tsallake wannan duka.

"Inna, kaset ɗin nan na jakar Baba, yana nan?"

Ta mayar mini da tambaya.

"Me ya tuno maka da shi?"

Na yi mata bayani iyakar iyawata, cewa ƙarar nan ba lalacewa ba ce, rubutu ne, kuma akwai na'urar da ke karanta shi.

"Rubutu a cikin kaset," in ji ta. "To. Kai ma da ka je ƙasar Larabawa ka fara irin zancensa."

Amma kafin ta miƙa wayar na ji ta ce wa ƙanwata ta sauko mata da kwallar da ke can ƙasa. A nan na gane na ɗauko abin da ya fi ƙarfina. Na tayar wa tsohuwa da abin da ta danne, in kuma ya zamana wasan yara ne a ciki, ban san da wane baki zan gaya mata ba. Tsoro ya kama ni sosai, na kuma yi da-na-sanin saurin bakina.

Jirage ba sa tashi, don haka muka gwada dabara. Ƙanwata ta aro rikoda wurin mai gyaran rediyo, ta kunna kaset ɗin, ta ɗauki ƙarar da waya ta turo. Maigida ya jona wayata da na'urar, muka zuba ido. Ko gezau ba ta yi ba. Ya ce laifin wayar zamani ne, in ta ji irin wannan ƙara sai ta ɗauka hayaniya ce ta share rabinta, a ganinta taimako take yi. Sai dai a kawo kaset ɗin da kansa. Na ce a ba wani mai tahowa in hanya ta buɗe. Inna ta ce atafau. "Baƙo ne ya kawo shi, baƙo ba zai sake ɗaukarsa ba." Ni kuma na ƙi tafiya hutu, don na ga waɗanda suka tafi a lokacin suka maƙale a gida aikinsu ya salwanta.

Haka muka yi ta jira, ya fi shekara biyu. A tsakani hawan jini ya kwantar da Inna sau biyu, ko wanne kuma sai na ce shi ke nan, na makara. Don in rage zulumi sai na zama ɗalibin na'urar. Na koyi inda kowane harafi yake, na koyi kalmar da ake rubuta mata ta shiga neman abin da ke kaset. Da robar cikin rikodar ta tsinke, ni na yi ta zagaya Al Mirqab kanti kanti, samari suna kallona kamar na zo neman kayan tarihi, har na dace da wani tsoho da ya zaro ta daga ƙasan durowa. Shi ma sai da ya tsare ni ya ba ni labarin tasa na'urar da ƙaninsa ya zuba wa shayi.

Gasar cin kofin duniya ta ƙwallo da aka yi a nan ƙasar ce ta buɗe hanya. Mijin ƙanwata ya sami aikin wata biyu na tuƙa bas ɗin 'yan kallo. Shi ba baƙo ba ne, Inna ta yarda. Ta naɗe kaset ɗin a ɗankwali, ta sa a gwangwanin madara, ta ce ko a jirgi kada ya rabu da cinyarsa. A tashar jirgin ƙasa ta Mansura muka haɗu, cikin turmutsitsin mutane masu fenti a fuska da ganguna, kowa yana ihu da harshensa. Na karɓi gwangwanin na rungume, ko gaisuwar kirki ban tsaya mun yi ba, har yau yana yi mini gorin wannan.

Washegari akwai wasa da yamma kuma duk gidan suna da tikiti. Maigida ya ce kansa yana ciwo, ya ba ɗan ƙanwarsa nasa. Ƙarya yake yi, lafiyarsa ƙalau. Na sauke iyali a tashar jirgin ƙasa na dawo na tarar ya riga ya jona komai.

Gwajin farko na'urar ba ta ce komai ba. Na biyu ta fara sai ta tsaya. Ya ɗauko wata siririyar sukudireba ya sa a wani ɗan rami a jikin rikodar, yana murzawa kaɗan kaɗan yana kasa kunne, har ƙarar ta daina dusashewa ta yi tsini. A na uku sai ga kalma ta fito cewa ta sami abu. Muka jira zaren ya gama juyawa. Ya danna, fuskar talabijin ta cika da layuka.

Ya matsa kusa, ya gyara tabarau, ya bi layin farko, ya bi na biyu. Na ga fuskarsa ta canza.

"Ya akhi, khalas, shi ke nan. Ka yi haƙuri. Ya lalace."

"Ba ga rubutu nan ba?"

"Haruffa ne barkatai. In ban da bismilla a sama, babu kalmar Larabci ko ɗaya."

Na matsa dai don in ga abin da na jira shekara biyu da idona. Baƙaƙe ne tsirara, ba wasali ko ɗaya. Bakina ya fara bin su da kansa yadda aka koya mana a allo, ina gwada wannan wasali ina gwada wancan. Wa, nan. Wannan. Ki. Sa, ra, ra. Saurara.

"Baba," na ce wa maigida, don haka muke kiransa a gidan, "bai lalace ba. Hausa ce."

Ajami ne, Hausa da baƙaƙen Larabci, irin rubutun da mahaifinmu ya iya, don bai yi boko ba. Sai dai ajami ba ya tafiya sai da wasali, shi kuwa ko dai bai san inda suke a madannan ba ko ya ga za su ɗauke shi lokaci. Layin farko bayan bismilla cewa yake: wannan ki saurara ke kaɗai. A layi na biyu na ci karo da abin da ya tsayar da ni, ha da fa da ra. Ki yi hafuri? Na juya shi ta ko'ina bai zauna ba. Can na tuna allona. A rubutunmu na gida fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. A rubutun mutanen gabas, wanda ke kan na'urar, mai ɗigo ɗaya a sama shi ne fa. Tsoho ya duba madannai yana neman ƙaf ɗinsa, ya ga mai ɗigo ɗaya, ya danna abinsa. Ki yi haƙuri yake nufi.

Maigida ya rikice da murna. Ya ce in sake masa bayani, ya ɗauko takarda in zana masa, yana ta cewa ajib, ajib, abin al'ajabi, wato na'urarsu ta rubuta harshen da masu ita ba su taɓa ji ba. Ranar ni na yi masa lacca, kuma na ja ta da gangan don in rama. Ya ce wani ne a kantin ya nuna wa mahaifina yadda ake jera layukan da yadda ake adanawa, wannan ba abin da mai gadi zai gano shi kaɗai ba ne. Sai ya ce in ci gaba da karantawa. Na ce a'a. An ce ita kaɗai, na riga na karanta layi biyu da ba nawa ba.

Na kira ƙanwata ta bidiyo. Can ana bayan azahar. Ta kai wa Inna wayar a ɗaki, na ce ta jingina mata ita ta fita. Inna tana zaune a bakin katifa, ta kawar da kai gefe kamar yadda ta saba.

"Inna, wasiƙa ce. Gare ki. Ya ce ke kaɗai, amma babu mai karantawa sai ni."

"To ya za a yi. Karanta."

Na fara, ina tuntuɓe. Gaisuwa ce doguwa, ya tambayi kowa. Inna ta ce haka yake, sai ya zagaye gari kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Na zo wani wuri na ce, "Ya ce ya saya miki gida."

"Gida? A ina? Da wane arzikin?"

Na sake dubawa. Baƙi biyu ne kawai, harafin ga da harafin da. Na ce to ko gada ce.

"Gado ne," in ji ta, har da 'yar dariya da ta kufce mata. "Mai rumfa. Tun ina amarya yake mini alkawarinsa. Yana can wani Balarabe yana barci a kai."

Daga nan muka kama hanya, ni ina kawo baƙi ita tana sa wasali, don ta san yadda yake magana fiye da yadda na san rubutunsa. Ban taɓa yin doguwar magana haka da mahaifiyata ba. Sai na iso layin da ya ce shirun da ya yi ba mantuwa ba ce, ciwo ne ya kama shi a wani wuri. Kalmar ta ƙi ni. Ma, fa, ga, ra. Na maimaita sau biyu kafin in tuna in mayar da fa ɗin ƙaf, amma ta riga ni.

"Maƙogwaro," ta ce a hankali.

Na ci gaba. Ya ce murya ta tafi tun kafin hajjin bara, ko raɗa ba ya iyawa. Ya ɓuya wa alhazan garinmu ne don kada su kawo mata labari hankalinta ya tashi ga yara ƙanana. Takarda kuwa sai wani ya karanta mata, shi kuma ba ya son kowa ya shiga tsakaninsu. Ya ce wani ma'aikacin kantin ya tabbatar masa duk abin da ya rubuta a na'urar nan yana shiga kaset, shi ya sa ya yi mata wannan dabara. Sai layin da ya biyo baya. Ya ce yana fata muryar na'urar ba za ta ba ta tsoro ba, in kuma ta ji Hausarta ba ta fita sosai ta yi mata uzuri, Balarabiya ce.

Ashe shi a zatonsa na'urar za ta karanta mata da baki. Ya tafi kabarinsa yana ganin ya yi mata magana.

Akwai sauran layuka huɗu ko biyar. Na ga farkon na gaba, na gane irin maganar da ke tsakanin miji da mata ce, na tsaya. Inna ta rufe fuska da gefen mayafinta, kafaɗunta suna motsi. Ban taɓa ganin kukanta ba, ko ranar da aka kawo jakar. Ni ma hawaye nake yi, kuma ban damu da maigida yana gani ba.

"Da saura, Inna. In karanta?"

Ta girgiza kai. Ta share fuska, ta kalli wayar kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Na san sauran. Juya mini wayar in ga rubutun. Kai kuma ba ni wuri."

Inna ba ta iya karatu ba, ko na ajami ko na boko. Na jingina wayar da gwangwanin madara, fuskarta tana kallon talabijin, na yi wa maigida alama muka fita tsakar gida muka ja ƙofa. Unguwar tsit, kowa yana wurin ƙwallo. Maigida ya buɗe baki zai yi bayani, ya fasa.

Ta cikin ƙofar na ji muryarta, ƙasa ƙasa, tana yi masa faɗa. Ta daɗe tana yi. Ban ji kalmomin ba, ban kuma matsa don in ji ba. Da faɗan ya ƙare sai muryar ta sauya ta koma ta addu'a, a nan ne ta ɗan ɗaga, na ji ta sarai.

"Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya jiƙanka, kai."